Kafin Ka Saki Kifin Farko

Ƙannena, sha'awar ajiye kifin teku a tankin gilashi ta fara kama wasu daga cikinku, kuma ban ga laifinku ba. Duk wanda ya ga ɗan kifin nan ruwan lemo mai ratsin fari, wanda fim ɗin Finding Nemo ya sanar da duniya shi a 2003, yana kai da komo a tsakanin murjani mai rai, dole ransa ya biya. Sai dai masu ɗora bidiyo suna nuna muku tanki ne bayan ya shekara ya zauna daram. Ba sa nuna makonnin da ya yi babu kowa a cikinsa, daga ruwa sai duwatsu sai ƙarar famfo. Waɗannan makonni kuwa su sabon shiga ya fi son tsallakewa, kuma a nan yawanci asara take samo tushe.

Ido ba ya iya shaidar ruwa. Kwana biyu bayan ka haɗa tanki, ƙurar yashi ta kwanta, ruwan zai yi garau har ka ga kamar a sha. A wannan rana ce ya fi kowace rana rashin dacewa da kifi, ga kuma dalili. Kifi yana fitar da amoniya ta gaɓar numfashinsa da ke ƙarƙashin marfin kunci, dare da rana. Kashinsa da ragowar abinci su ma suna ruɓewa su koma amoniya. Ita kuma guba ce marar launi, tana ƙona gaɓar numfashin, kifi ya yi ta haki a saman ruwa, ya daina ci, ya mutu. A teku ba ta taruwa, saboda yawan ruwa, da kuma wasu ƙwayoyin bakteriya da ke maƙale a jikin duwatsu da yashi. Rukuni ɗaya yana cin amoniya ya mayar da ita naitirayit, rukuni na biyu ya ci naitirayit ya mayar da ita naitiret, wadda illarta ba ta kai ko kusa ba. Tun wajajen 1890 masanin nan Sergei Winogradsky ya nuna cewa halittu masu rai ne suke wannan aiki, kuma hawa biyu ne. Sabon tankinka ba shi da su, ko kuma 'yan kaɗan ne, ga su da jinkirin hayayyafa: yayin da wasu bakteriya ke ninkuwa cikin mintuna, waɗannan sukan ɗauki kusan yini ko fiye kafin ɗaya ta zama biyu. Shi ya sa aikin yakan ci mako huɗu zuwa shida, kuɗi kuma ba sa sauya wannan lissafi sosai.

Na san wani zai ce ai ya yi kiwon tarwada a tankin siminti ko na tamfol, ya zuba ɗaruruwa rana ɗaya, ba su mutu ba. Gaskiya ne, amma tarwada daban take. Tana da gaɓar shaƙar iska daga sararin sama, tana jure ƙazantar da za ta kashe kifin murjani cikin dare ɗaya, ga shi ana sauya mata ruwa a kai a kai don ruwan ba tsada gare shi ba. Akwai kuma wani bambanci da ba a gani. Amoniya a cikin ruwa kashi biyu ce, mai tsananin guba da mai sauƙi, kuma pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, shi ne ke raba su. A ruwan daɗi mai pH 7, ɓangaren mai guba bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ruwan teku yana zama ne tsakanin 8.1 da 8.4, a nan kuwa ɓangaren mai guba ya ninka wancan kusan sau goma. Adadin da zai wuce lafiya a tankin kifin ruwan daɗi, a tankin gishiri ajali ne. Naitirayit ce kaɗai ke yin sauƙi a ruwan gishiri, domin gishirin yana tare mata hanyar shiga jinin kifi, amma ganinta shaida ce cewa tanki bai nuna ba.

Dā can, masu wannan harka sukan sayi kifaye masu arha da taurin rai su jefa a sabon tanki, kashinsu ya ciyar da bakteriya, wanda ya rayu ya rayu. Kada ka bi wannan hanya. Azabtar da dabba ce ba gaira ba dalili, kuma mun san abin da addini ya gaya mana game da matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Wanda ka kulle a gilashi, numfashinsa ma a hannunka yake. Hanyar da ta dace ita ce ka ciyar da tankin babu kifi a ciki. Ka ɗiga amoniya ta musamman da ake sayarwa don wannan aiki har ma'auni ya nuna miligiram 2 a kowace lita, ko ka jefa ɗanyen jatan lande guda ɗaya ya ruɓe. Ka bar famfo yana aiki, ka kashe fitila, ka riƙa gwaji duk bayan kwana biyu ko uku kana rubutawa a littafi. Za ka ga amoniya ta hau, ta fara sauka, naitirayit ta hau a madadinta, ta daɗe a sama har ka fara zargin kayan gwajin, sannan ita ma ta faɗi, naitiret ta bayyana. Jarrabawar ƙarshe ita ce ka sake ɗiga amoniya. Idan cikin awa 24 ita da naitirayit duka sun koma sifili, tankinka ya nuna. Sai ka sauya ruwa mai ɗan yawa don rage naitiret ɗin da ta taru.

Ana iya rage tsawon jiran, kamar yadda mai nono take zuba ɗan tsohon kindirmo a sabuwar madara don ta kwana da wuri. Dutse mai ramuka da ya daɗe a lafiyayyen tanki, wanda 'yan harkar ke kira dutse mai rai, yana zuwa da bakteriyarsa. Shi ne ginshiƙin tsarin da masu kiwo na birnin Balin suka yaɗa tun shekarun 1970: dutse mai rai, ruwa mai gudu, da na'urar kumfa da ke kwashe datti kafin ya ruɓe. Akwai kuma bakteriyar kwalba. Tana aiki idan ba ta mutu a hanya ba, kwalbar da ta sha zafin kwantena da na shago kuwa Allah kaɗai ya san abin da ya rage a cikinta. Ko wanne ka yi amfani da shi, hukunci na gwaji ne, ba na rubutun da ke jikin kwalba ba. Ka kuma sani dutsen da ya yi doguwar tafiya, halittun jikinsa da suka mutu za su ruɓe su ƙara amoniya a kwanakin farko.

Sai maganar ruwan da za ka zuba tun asali, wadda ya kamata ka warware kafin ka sayi gilashi. Ruwan famfo yana da kulorin, ita kuma ba ta bambanta bakteriyar cuta da wadda kake reno. Ruwan rijiya da na burtsatse, ko da yana da daɗin sha, yakan ɗauko naitiret da fosfet da ƙarfe, musamman a unguwa mai cunkoson masai ko kusa da gonar da ake zuba wa taki. Ɗan burbushin jan ƙarfe da mutum ba zai ji ba ya isa ya kashe jatan lande da dodon koɗi da murjani. Abin da masu harkar suka dogara da shi shi ne ruwan da ya bi ta matatar RO da DI, har ƙaramin ma'aunin TDS, mai auna abin da ya narke a ruwa, ya nuna sifili ko kusa da shi. Gishiri kuma ba na miya ba ne. Haɗi ne na musamman mai ɗauke da kalsiyam da magniziyam da sauran ma'adanai a gwargwadon teku, irin su Instant Ocean da ake yi tun shekarun 1960. A bokiti daban ake haɗa shi, ruwa tukuna sannan gishiri, a bar famfo yana juya shi ya kwana. Ba a zuba gishiri kai tsaye a tankin da ke da rai a ciki. Wanda ke zaune a Legas ko Akara ko Fot Sudan zai iya cewa ga teku nan kyauta. Ruwan gaɓar babban birni yana tafe da man jiragen ruwa da ƙazantar magudanai, Bahar Maliya kuma gishirinta ya kai kusan giram 40 a lita, sama da abin da yawancin kifayen kasuwa suka saba.

Abin da ake nema shi ne kusan giram 35 a lita, wato 1.025 ko 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. Ka sayi ma'auni mai madubi da ake leƙawa, rifiraktomita, ka daidaita shi da ruwan gwaji, domin na roba mai allura kumfa ɗaya ta isa ta sa shi ƙarya. A nan ne ake tafka wani kuskure mai sauƙin kaucewa. Ruwa yana tashi ya bi iska, gishiri ba ya tashi. A ce tankinka lita 200 ne, yana rasa lita 2 kullum. Kwana goma ba ka cika ba, ya koma lita 180, gishirin ya tashi daga 35 zuwa kusan 39. Idan ka cika da ruwan gishiri ka tabbatar da ƙarin ke nan, gobe kuma ka ɗora wani a kai. Ruwan da ya tashi, da tataccen ruwa marar gishiri ake mayar da shi, kullum, kaɗan kaɗan. Ruwan da ka kwashe da hannunka shi ake mayarwa da na gishiri. Ka yi alama a jikin gilashi. Da hunturu, lokacin da iska ta bushe, za ka sha mamakin yadda ruwan ke gudu daga alamar.

To, tanki ya nuna. A nan ne gwajin haƙuri na gaskiya yake, domin yanzu kana da hujja a hannu, mai shago kuma yana da kifaye goma da duk ka ƙyalla ido a kansu. Ka fahimci cewa yawan bakteriya daidai yake da yawan abincin da suke samu. Tankin da ya iya da dattin kifi biyu bai shirya wa na takwas ba. In ka zuba su gaba ɗaya, amoniya za ta dawo, wannan karon da rayuka a ciki. Fara da ƙananan kifi biyu. Ciyar da su abin da za su cinye cikin minti ɗaya ko biyu. Gwada ruwa kullum a makon farko. Bayan mako biyu ko uku, idan littafinka bai nuna komai ba sai sifili, ƙara ɗaya. Masu sanyin hali su riga shiga, mafaɗata su zo ƙarshe, in ba haka ba na farko zai mallake duwatsun ya hana baƙo sakat. Murjani mai laushi yana iya jira wata biyu ko uku. Halittar nan mai yatsu da kifin Nemo ke kwana a cikinta kuwa, a bar ta sai tanki ya yi wata shida zuwa shekara, kifin ma yana rayuwa lafiya ba tare da ita ba.

Ranar da kifi ya iso ma tana da nata tarkon. Kifin da ya kwana ɗaya ko biyu a leda ya cika ruwan da amoniya, amma numfashinsa ya saukar da pH, don haka gubar tana kwance. Da ka buɗe leda iska ta shiga, pH ya fara hawa, gubar ta farka. Saboda haka kifin da ya yi doguwar tafiya ba a barinsa awa biyu a ruwan leda da sunan sabawa. Ka sa ledar a rufe ta yi iyo a tanki kamar minti goma sha biyar don zafi ya daidaita, ka auna gishirin ledar, ka tabbata ruwan da zai shiga daidai yake da shi ko kusa, ka ɗauke kifin ka zubar da ruwan. Ruwan leda ba ya shiga tanki, don wasu shaguna suna sa maganin jan ƙarfe a ruwansu. In da hali, sabon kifi ya fara zama a ƙaramin tanki na killacewa har mako huɗu. Cutar fararen ɗigo, wadda ƙwayar Cryptocaryon ke kawowa, idan ta shiga babban tanki ba za ka iya sa magani a ciki ba, domin duwatsu za su shanye shi, sauran halittu su mutu. Sai dai ka kwashe kifayen duka, tankin ya zauna babu kifi fiye da wata biyu.

A watannin farko tankin zai yi muni, ka sa wannan a ranka tun yanzu. Wata ƙura ruwan ƙasa za ta rufe yashi da gilashi. Wannan gansakuka ce mai cin silika, takan tafi da kanta idan silikar ta ƙare. Bayanta koriya mai gashi, wataƙila da wata ja mai yauƙi. Ruwa ba ya tsami banza: yawan abinci, ko fitila mai daɗewa a kunne, ko ruwan cikawa marar tsabta, ko lungun da ruwa ba ya gudu. Ka nemo dalilin. Abin da ba na so ka yi shi ne ka koma shago ka dawo da kwalabe biyar, wannan na ɗaga pH, wancan na kashe gansakuka, ka riƙa zubawa kana bin lamba. Kifi ya fi jure pH 8.0 da ya tsaya wuri ɗaya a kan wanda ke tsalle tsakanin 7.9 da 8.4 saboda garin magani. Abin da ba ka da kayan auna shi, kada ka zuba shi. Sauya kashi goma cikin ɗari na ruwa duk mako ya fi yawancin kwalaben nan amfani.

Idan kuwa ka wayi gari kifi yana haki, gwaji ya nuna amoniya, kada ka ruɗe ka wanke komai. Duba ko wani ya mutu a bayan dutse ka cire shi. Daina ciyarwa kwana ɗaya ko biyu, yunwar ba za ta kashe su ba. Ƙara motsin saman ruwa. Sauya ruwa, amma ka san lissafinsa: in ka sauya rubu'i, rubu'in gubar ka rage, sauran kashi uku suna nan. Shi ya sa mai hankali kullum yana da jarka cike da haɗaɗɗen ruwa a ajiye, mai gishiri da zafi daidai da na tanki. Soson matatar tanki kuma da ruwan da ka kwasa daga tanki ake ɗauraye shi. Wanda ya kai shi bakin famfo ya kashe aikin mako shida cikin minti biyu.

Akwai wata matsala da littattafan Turai da Amurka ke ambata a layi biyu, alhali a wajenmu ita ce uwa: wuta da zafi. Ruwan teku yana riƙe oksijin ƙasa da ruwan daɗi da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma duk sanda ya yi ɗumi abin da yake riƙewa yana ƙara raguwa. Kifin murjani yana son digiri 24 zuwa 26. Da bazara, a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, zafin waje yana haura 40, ɗakin da ba na'urar sanyaya kuma zai kai ruwan inda kifi ba zai jure ba. Haɗa wannan da ɗauke wuta. Famfo ya tsaya, kifi da bakteriya suna rige-rigen ɗan oksijin da ya rage, cikin 'yan awoyi a tanki mai cunkoso a fara mutuwa. Wannan ba sabon darasi ba ne. Anna Thynne, wadda ta fara ajiye murjani a gidanta a Landan a 1846, ta raya shi shekaru ne ta hanyar sa a riƙa juye ruwan daga mazubi zuwa mazubi kullum don ya sha iska. Ita tana da mai yi mata hidima. Kai abin da zai tsaya maka shi ne sola ko inbata da za su riƙe famfo ɗaya duk dare, da ƙaramin famfon iska mai batir a aljihun tebur. Fanka da ke busa saman ruwa tana rage digiri ɗaya ko biyu, sai dai tana ƙara shan ruwa. Rufaffiyar matatar tanki da ta yi awoyi a tsaye, ka zubar da ruwan cikinta kafin ka sake kunnawa.

Ka kuma gargaɗi mutanen gida. Maganin sauro na feshi da na kunnawa guba ne mai ƙarfi ga kifi, ya fi ma ga jatan lande, na'urar kumfa kuma iskar ɗakin take zuƙa ta cusa a ruwa. Haka hayaƙin janareta da turaren wuta mai yawa a rufaffen ɗaki. Hannun da aka shafa wa mai ko turare ba ya shiga tanki, bokitin tanki kuma ba ya zuwa wanki.

Game da zaɓin kifi, ka tambayi mai sayarwa ko haifaffen gona ne. Kifin Nemo an daɗe ana hayayyafa shi a gonaki, ya saba da abincin gwangwani da zaman gilashi, shi ya fi dacewa da mai koyo. Yawancin sauran kifayen teku daga cikin murjani ake kamo su, galibi a Indonusiya da Filifin, inda har yanzu wasu masunta ke fesa gubar sayanayid don su sumar da kifi. Irin wannan yakan iso da kyan gani, ya mutu bayan 'yan makonni, ka yi ta zargin ruwanka. Shuɗin kifin nan na fim ɗin Finding Dory sai a 2016 aka fara samun nasarar hayayyafa shi, a wata cibiyar Jami'ar Fulorida. Yana kaiwa santimita 30, yana bukatar dogon tanki, ga saurin kamuwa da fararen ɗigo. Ba naka ba ne a shekarar farko.

Ƙaramin tanki yana ruɗar mai ƙaramin ƙarfi, alhali shi ya fi wuya, domin kuskure kaɗan ke juya lita 30, lita 150 kuwa tana ba ka lokacin gyara. Ka zauna ka yi lissafi tun daga matatar ruwa, gishirin shekara guda, kayan gwajin amoniya da naitirayit da naitiret da pH, ma'aunin gishiri, wutar ajiya, da hanyar sanyaya ruwa da bazara. Kuɗin kifi su zo ƙarshe. Idan lissafin bai kai ba, ƙanena, ka fara da tankin ruwan daɗi. Bakteriyarsa aiki iri ɗaya suke yi, gwajin iri ɗaya ne, kuskurensa kuma ya fi arha. Ka riƙe shi shekara guda da littafin gwajinka, sannan ka sayi gishiri.